Abin da Inna Ta Bari a Ɗan Isa

Katsina

Ƙarfe shida saura kwata na asuba na bar gida. Shekara ashirin ina koyar da kimiyyar halittu, amma sai bana darasina ya soke ni. A cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wasu 'yan injinan ba da ƙarfi, mitokondiriya. Maniyyin uba yakan shiga ƙwan uwa da nasa, amma cikin 'yan kwanaki sai a narkar da su tas, na uwa kaɗai ke saura. Wato na Inna, Allah ya jiƙanta, suna jikina, kuma a kaina za su tsaya. 'Ya'yana huɗu ba wanda ya samu.

Mai ɗauke da su yanzu ɗiyar ƙanwata ce, marigayiya Rabi, can Ɗan Isa a Nijar. Ranar sunan yarinyar ban je ba, har na buɗe baki na ce ɗiyar mace ai ta wani gida ce. Maganar ta kai kunnen ubanta, Isuhu. Shekara tara ko gaisuwa babu.

Daddara zuwa Jibiya

Bakwai saura muka tsaya a shingen Daddara. Direba ya dube ni ta madubi. "Malam, mi za ka yi Nijar, ko jaka babu?"

"Zumunci."

"To, shi dai 'yan kwastan ba su kama shi!"

A Jibiya na sayi koko da ƙosai, wallahi ban ci ba na ajiye su. Kewar Inna ta cika mini ciki. Daga Magama na hau babur, jandarman Nijar ya juya katina na shaida sau biyu, ya ce in wuce.

Ɗan Isa

Tara da kwata na yi sallama. Isuhu ya fito, bai miƙo hannu ba. "Ɓatan hanya ka yi?"

"Yarinyar na zo gani, in ka yarda."

Sai ya juya cikin gida. "Inna! Taho ga kawunki."

Ashe sunan mahaifiyata suka sa mata, ni ban ma sani ba. Ta fito hannunta duk ƙullu, ta durƙusa. "Kawu, mi ya hana ka zuwa?"

Gida

Da magariba na iso Katsina lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa Isuhu da ya kira ta. Tambayarta kuwa, har yau ban samo amsa ba.