Hoton Tafkin Su Inna

Talata: Anka zuwa Gummi

Ina idar da sallar asuba na rataya jaka. Inna na zaune a bakin ɗakinta, ta kama hannuna ta ce, "Sani, ka ɗauko mani tabkinmu yadda shi ke." Likita ya riga ya gaya mana idonta na hagu ya tafi, na daman ma da wuya ya kai baɗi. Ta daɗe ba ta taka ƙauyensu na ƙasar Bukkuyum ba. Gwiwa ba ta bari ta hau babur, hanyar kuma kowa ya san halinta.

Na isa tasha shida saura kwata, amma ba mu tashi ba sai bakwai da rabi. Direba ya ce, "Malam, ni ba ni buɗe hanya. Wasu su wuce tukuna." Ba wanda ya yi masa musu. Shinge huɗu muka wuce, muka shiga Gummi goma da minti ashirin.

Na sauka wurin abokina Bashar, mai ɗaukar hoton biki. Shekara biyu muna gardama da shi, shi da ƙatuwar kyamararsa mai dogon baki, ni da 'yar ƙaramata mai shiga aljihu. Ya ce gobe za a san ta wa ta fi. Matarsa ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kuɓewa, muka cika batura da janareton maƙwabci.

Laraba: Bukkuyum da tafkin

Ƙarfe takwas muka tashi. A shingen da ke kusa da mararrabar Bukkuyum wani soja ya nuna dogon bakin nan ya ce, "Wannan fa?" Bashar ya ɗauke shi hoto ya nuna masa. Sojan ya yi dariya ya ce ya yi kyau, amma a goge. Daga cikin gari muka hau babura, minti arba'in ana jijjiga mu.

Kawu Mamman, ƙanen Inna, ya tarbe mu da fura da nono. Ya ce, "In za ku, ku tashi yanzu. La'asar ba ta iske mu daji." Muka bi shi ta cikin gonakin dawa, tafiyar kamar kilomita uku, har bakin ruwa.

Nan fa Bashar ya ci ni da yaƙi. Balbela ta sauka a gadon bayan wata saniya, ya zuƙo ta har ƙwayar ido, a tawa kuwa ɗigon fari kawai. Furen bado, nasa har da ƙudan zuma a kai. A inuwar kurmi hotona ya fito baƙi ƙirin. Kowane nasa kuma, abin da ya nufa ya fito tas, abin da ke bayansa ya narke, irin yadda amare ke so. Wallahi na ji haushi, na kuma ji kunya. Abin da kawai na samu na tsokane shi da shi, nauyin kayan ya sa shi haki a hawan dutse, Kawu mai shekara saba'in na jiran sa.

A kan dutsen na ɗauki hoto uku na filin gaba ɗaya, ba da wata kulawa ba, na mayar aljihu. Muka kwana a Bukkuyum gidan wani aminin Kawu.

Alhamis: komawa gida

Mun shigo Anka sha ɗaya da rabi, lafiya lau, godiya ta tabbata ga Allah, sannan ga Kawu da ya bar aikin gonarsa dominmu. Bashar ya biyo ni don ya ga ƙarshen gardama. Muka wanke hotuna manya-manya, goma nasa, ɗaya nawa.

Aka shimfiɗa wa Inna tabarma inda hasken rana ya fi. Bashar ya durƙusa ya miƙa nasa. Ta kai su dab da idon dama, ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe.

"Bashar, kyamarakka ita ma ciwon ido gare ta?"

"A'a, Inna. Haka ake yayi."

"Ga tsuntsu, na gani. To ina garin? Hakanga ni ka gani kullum, na kusa sarai, na baya dishi-dishi."

Bashar ya tattara hotunansa. Na tausaya masa, don da zuciya ɗaya ya yi wahalar nan.

Na miƙa mata nawa. Ta ɗora yatsa ta fara bi. Ga mashayar shanu, ga giginyu uku, ga hanyar da suke bi ɗibar ruwa suna 'yan mata. Yatsan ya yi ta tafiya har gefen hagu, ya tsaya kan wata tsamiya da rabinta kawai ya shiga hoton.

"Nan Innata take kwance," in ji ta. "Ka yanke rabin iccen, Sani."

Ban taɓa sanin a can aka rufe kakata ba. Na wuce ta gindin tsamiyar nan jiya ina lissafin balbela.

Bashar ya ce, "Inna, gobe mu koma. Ni zan ɗauko maki ita gaba ɗaya."

Ta girgiza kai. "Ba ku komawa hanyag ga sabili da ni. Rabin ya ishe ni, ɗiyana. Sauran na san shi."

Ba ta ɗaga yatsan daga wurin ba har inuwa ta rufe tabarmar.