Ranar da Mama Ta Tsayar da Wasa

Har gobe ban manta da ranar Lahadin da Mama ta zo ganin aikina ba. Ku sababbin shiga gidan wasan kwaikwayonmu kun ji ana kirana "ɗiyar Hajiya", kun kuma ishe ni da tambaya. To ga labarin, kada wani ya sake tare ni a bakin firij.

Bara ne, cikin watan Yuli, ina da shekara goma sha bakwai. Gidan wasan ƙarami ne, a gefen unguwar Glenwood da ke birnin Greensboro, nan Amurka. Ga yadda muƙamai suke. Darakta ne ke tsara wasa, amma da zarar an buɗe wa 'yan kallo ƙofa, mulkinsa ya ƙare. Daga nan sai manajar dandamali, Madam Joyis, wadda ko ƙuda bai isa ya tashi ba sai da izininta. Ni kuwa mai fitila ce. Ina zama a wani ɗan ɗaki can sama bayan 'yan kallo, da abin sauraro a kunne. In Madam Joyis ta ce "shirya", in ɗora yatsa a kan maɓalli. In ta ce "tafi", in danna. Iyakar aikin ke nan, amma a gida na gaya wa ƙannena cewa rana da watan Greensboro a hannuna suke.

Wasan da muke yi tsohon wasan Amurka ne. Wata mata ce ta rasa gida, ta rasa aiki, ta zo ta raɓe wurin ƙanwarta. Ta kasa kallon halin da take ciki, sai ta riƙa ƙirƙira wa kanta labarai na girma da daula har ta fara yarda da su. Mijin ƙanwar kuwa irin mazan nan ne da ke ganin har iskar da ake shaƙa a gidan tasu ce. Ya yi ta tona mata asiri, daga ƙarshe ya yi mata fyaɗe. Ba a nuna abin a fili. Zai damƙi hannunta, ta yi ta fizga, sai Madam Joyis ta ce "tafi", ni kuma in kashe fitilu gaba ɗaya.

Mama 'yar Maraɗi ce, tana da shagon kitso. Tun farko ta kafa mini sharaɗi: "Balkisa, zan zo in gani da idona. In aikin banza ne, a ranar za ki ajiye shi ki dawo shago." Ni kuwa duk wadda na yi wa kitso sai ta nemi ɗankwali biyu. Da ta tambaye ni labarin wasan, na ce na wata ya ne da ƙanwarta. Ban yi ƙarya ba, na dai rage masa tsawo.

Ta zo wasan rana tare da Anti Rifkatu, aminiyarta 'yar Jos, wadda ta taho kai tsaye daga coci da gwaggwaronta mai tare wa mutum uku hanya. Suka zauna a layi na biyu. Abin da ban lissafa ba shi ne, a gidanmu ba a kallon fim baki rufe. Ana yi wa 'yan wasa faɗa, ana ba su shawara, wani lokacin har a yi musu addu'a.

Anti ce ke fassara wa Mama, da irin raɗar da za a iya ji daga McLeansville, can garin maƙwabta.

"Wannan mutumin ba shi da tarbiyya," in ji Mama.

"Ko ta ƙwayar gero, Hajiya."

Madam Joyis ta ce a kunnena, "Su wane ne ke surutu a gaba?"

Na ce, "Wallahi mutane ba su da kirki, Madam."

Aka zo wurin. Derik, mai fitowa a mijin, ya damƙi hannun Karolin, mai fitowa a yayar. Madam Joyis ta ce "shirya". Yatsana na kan maɓalli ke nan sai na ga wani farin mayafi ya miƙe tsaye.

"Kai! Sake ta, ɗan banza! Ba mace ce ta haife ka ba?"

Anti Rifkatu ta kira sunan Yesu, ta miƙe da takalmi a hannu. Mama ta juya ta fuskanci Turawa cike da zaure, ta ce musu da Hausa tsantsa, "Ku kuma kun zuba ido kuna kallo?"

Derik bai san Hausa ko ta "sannu" ba, amma ya saki hannun nan kamar ya taɓa garwashi.

Ƙa'ida ita ce, in wasa ya tsaya, a kunna fitilun zaure, 'yan wasa su shige ciki. Madam Joyis ta ba da umarni, na kunna. Sannan na ce da 'yar ƙaramar murya, "Madam, uwata ce."

"Na sani. Goshinku iri ɗaya. Sauko."

Na sauko ina ganin shagon kitso yana yi mini murmushi. Ko Madam ta kore ni, ko Mama ta cire ni, duk hanyar can ta nufa.

Sai dai Karolin ba ta shige ciki ba. Ta zauna a bakin dandamali, ta ce in fassara. Ta fara da yi wa Mama godiya. Ta ce ta daɗe tana wannan fitowa a garuruwa, ba wanda ya taɓa tashi domin matar nan sai yau. Sannan ta kira Derik, suka maimaita damƙar a hankali. Ashe yatsunsa zobe kawai suka yi, ko fatarta ba su matsa ba. Ita ce ke riƙe da tsintsiyar hannunsa da ɗaya hannunta, ita ke jan sa duk inda take so, shi aikinsa ya bi yana muzurai.

Wannan ita ce babbar dokar faɗan dandamali: wanda ake zalunta shi ke jan ragama. Kullum kafin a buɗe ƙofa sai sun gwada a gaban Madam Joyis, kuma kullum sai Derik ya tambaye ta ko ta yarda ya taɓa ta yau. In ta ce a tsaya, an tsaya, ko da gwamna ne a zaure.

Mama ta ce ba ta yarda ba sai an gwada. Anti Rifkatu ta ajiye takalmi, ta kama hannun Derik yadda aka nuna mata, ta ja bawan Allah daga wannan bango zuwa wancan kamar buhun shinkafa. Zaure ya ɓarke da dariya da tafi. Mama ta gyara mayafi ta zauna, ta nuna shi da yatsa. "To ku ci gaba. Amma ina kallon ka."

Aka ci gaba, na kashe fitila a kan lokaci. A fitowar ƙarshe matar ta faɗi abin da aka yi mata, ƙanwarta ta zaɓi ta yarda da mijinta, aka zo aka tafi da ita asibitin masu taɓin hankali. Na kasa kunne in ji sharhin layi na biyu. Shiru. Wannan shirun ya fi ihun ba ni tsoro.

Muka shiga motar Mama, muka fara sauke Anti. Sai Mama ta tsaya a gefen titi, ta kashe injin.

"Namijin nan mugu ne," ta ce, "amma ƙanwar ce ta ƙarasa ta. Balkisa, dube ni. Ko duk garin nan ya taru ya ce kin haukace, in kika zo kika ce mini wani ya taɓa ki, na yarda da ke tun kafin ki rufe baki. Kin ji, ɗiyata?"

Wannan karon ban mai da zancen wasa kamar yadda na saba ba. Sai kai na gyaɗa. Can na ce, "Aikin fa, Mama?"

Ta tayar da mota. "Gobe in za ki tafi ki kai wa yaron nan dambun nama. Na zagi uwarsa a banza."

Madam Joyis ba ta kore ni ba. Cewa ta yi Hajiya ta riƙa zuwa, amma a layin baya, kusa da ƙofa.

Abin da ranar ta koya mini game da sana'armu shi ne, muna nuna mugunta a kan dandamali, amma a bayansa mai ƙarfi ne ke neman izini, kuma "tsaya" ɗaya ta isa. Shi ya sa nake son mutanen gidan nan. Ku kuma in za ku gayyato iyayenku, ku ba su labarin wasan har ƙarshe, ku kuma duba abin da Anti ta sa a ƙafa.