Iya da Jerinta

Jiya a kasuwar Bunkure na ji wata mai albasa tana ce wa 'yarta, "Ke, jera su mana, kar ki zube su haka." Sai na tsaya cak, na kasa gaba, don kakata Iya ce ta faɗo mini a rai.

Iya komai nata a jere yake. Kwanukan ɗakinta a jere, dashen albasarta a bakin kanal na ban ruwa a jere, ko hira take yi sai ta ce, "Bari in jero miki tun daga farko."

Babana shi ne autanta. Ranar da aka kai shi makwancinsa, na same ta a bayan ɗaki ita kaɗai, zaninta yana ƙanshin hayaƙi da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta kama hannuna, ta ce, "'Yar nan, ni ce fa a gaban jerin. Ni, sai yayyensa, sannan shi. Ya aka yi aka faro ta baya?" Sai ta yi maza ta ce astagfirullah, ta goge ido da bakin mayafi.

Da, sai mu jikoki mun jeru daga babba zuwa ƙarami take zuba mana kunu. Daga ranar, duk wanda ya miƙo kwano sai ta zuba masa. Kafin a cire albasar shekarar, ita ma ta tafi.

Allah Ya haskaka kabarinta, Ya sada ta da autanta inda babu sauran rabuwa.