Injin Jirgin da Yaya Ya Toshe wa Hanci

A garinmu, can gabas da Ollelewa, sai an haɗa igiya biyu kafin guga ta taɓa ruwa, kuma akwai tsofaffin da suka rasu ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. A wannan gari ne yayana ya ajiye injin jirgin ruwa.

A Tafkin Chadi ya samo shi, shekarun farin nan na saba'in, lokacin da ya je cin rani wajen masunta. Ruwa ya ja baya, maigidansa ya tattara zai koma ƙasarsu, ya ce masa ya zaɓi abin sallama, ko raga ko inji. Yaya ya zaɓi inji. Ya ɗoro shi a babbar mota har Damagaram, daga nan Tanut, sauran hanyar kuma a kan raƙumi. Ya rataye shi a zaure, ya sa baduku ya ɗinka masa riga, kowace Sallah ya sauke shi ya shafa masa mai ya mayar.

Fiye da shekara goma yana shan tsiya a kan injin nan, kuma wanda ya fi kowa ba shi ita taubashinmu ne, ɗan gwaggonmu. Ba ya wuce ƙofar gidan bai leƙo ba.

"Sarkin ruwa, an tashi lafiya? Yau ina muka nufa, Makka ko Madina?"

Yaya sai dai ya gyara hula.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin aka yi damina mai ƙarfi. Kwarin da ke tsakanin gari da gonaki ya cika ya zama tafki, mai zuwa gona sai ya yi zagaye na rabin safiya. Yaya ya kira maƙeri, suka fasa tano uku, wato gangunan mai na ƙarfe, suka cire ƙyauren zaure, suka haɗa wani abu da ya ce jirgi ne. Bayan sallar Juma'a ya tsaya a ƙofar masallaci ya shaida wa jama'a cewa Juma'a mai zuwa zai haye da mai gari ya ga geronsa. Da ya faɗa mini ni kaɗai, da na ce ya bari mu gwada tukuna. Amma ya riga ya faɗa a gaban kowa.

A makon nan na dawo daga Abijan. Na zauna Mofti a bakin kogi, na zauna Legas, na shiga jirage iri-iri, saboda haka duk gari suka ɗauka na san inji. Ni fasinja ne kawai, sai dai fasinja mai yawan kallo. Yaya ya ja ni bayan rumbu ya ce, "Ƙanena, abin yana tashi, amma tari yake. In ya mutu da mai gari a tsakiyar ruwa, sai dai in bar garin nan."

Ranar Talata muka kai shi bakin tafki. Muka ɗaura shi a gindin jirgin, muka haɗa shi da tankinsa, jan tanki na ƙarfe mai tiyo. Na ja igiya sau huɗu, ya kama. Ya yi ruri mai daɗi kamar na minti biyu, sai ya fara shaƙewa, ya yi karkarwa irin ta tsohon da mura ta kama, ya mutu.

Na fara da abin da na ga ana yi a Mofti. Can in inji ya yi tari, buji ake fara cirewa, wato ɗan abin nan mai ba da wuta. Na cire, na kankare baƙin da wuƙa, na hura, na mayar. Minti biyu, ya mutu. Na koma dabarar Legas, inda kullum ake zargin an gauraya mai da ruwa. Na buɗe tanki, muka tace esansin, wato man, ta cikin hular Yaya, muka mayar. Ya tashi lafiya, har Yaya ya fara murmushi, sai tari ya dawo. Ranar Laraba na kwance karbirato, inda mai ke gauraya da iska, na baje a kan tabarma, ƙusa ɗaya ta faɗa cikin yashi, muka yini muna tankaɗe da rariyar matar Yaya. Na zagi injin da Faransanci, na zage shi da Barbarci, na ƙara da ɗan Yarabancin da na tsinto a tasha. Bai ji ko ɗaya ba.

Duk kwanakin nan taubashi yana zaune a gindin aduwa, ya zo da butarsa da goronsa kamar mai jiran kasuwa ta ci.

"Ɗan Abijan, ko dai a kira mai maganin raƙuma? Ya yi masa lalas a wuya, ya warke."

Ranar Alhamis da hantsi na sake buɗe murfin tanki don in duba ko mai ya ragu. Murfin ya yi wani ɗan huci, na leƙa, na rufe, na ja igiya. Ya tashi sumul.

"Ni fa na gane shi," in ji taubashi. "Injin nan shagwaɓa gare shi. Duk sanda ka buɗe tulunsa ka gaishe shi, sai ya yi maka waƙa. Da ka rufe ka juya baya, sai ya yi fushi."

Tsiya yake yi, amma kwana uku yana kallo, ya ga abin da ni ban gani ba. Na kwance murfin na bar shi a buɗe. Injin ya yi minti biyar, ya yi goma, ko tari ɗaya. Na ɗauki murfin na duba. An lulluɓe shi da jar fata, ɗinki mai kyau, har da ɗan zane. Na farke fatar, sai ga ƙaro an narka an shafe saman murfin kaf.

"Yaya, wa ya yi wannan?"

"Ni. Akwai wata ƴar ƙofa a nan, tana fitar da wari. Wari kuwa mai ne yake gudu."

A nan na fahimta. A bakin kogi kowa ya san tanki sai da wurin shaƙar iska, in ba haka ba mai ba ya sauka. Amma mutumin ƙasarmu ta Damargu ba ya ganin rami a jikin abin da ke riƙe da ruwa ya ƙyale shi. Salka in ta yi ɗigo a ɗaure, tulu a liƙe, gora a toshe. Yaya ya yi wa injinsa irin gatan da uwarmu ke yi wa tulunta.

Na ce, "To ai ka toshe masa hanci. Ko kai, in an toshe maka, minti biyun za ka yi."

Na kankare ƙaron da tsinke. Ina cikin yi ya nuna mini wani siririn ruwa da ke tsartuwa daga injin ta baya, ya ce wannan ma ya so ya liƙe, bai samu lokaci ba. Na ce masa ruwan sanyaya inji ne, tafki yake komawa, ba asara. Bai dai gamsu ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, duk gari yana bakin ruwa. Mai gari ya tattare babbar riga ya shiga, yana karanta addu'ar hawa raƙumi, don ita ya sani. Yaya ya ja igiya da kansa. Na tsaya a gaɓa ina ƙirga minti biyun nan a zuciya. Suka wuce. Jirgin yana tafiya a karkace, amma yana tafiya.

Taubashi ya naɗe wando ya bi su a ƙafa, don ya nuna wa jama'a ruwan bai kai a shiga jirgi ba. Gaskiya ne, har kusan tsakiya iyakarsa ƙugu. Daga nan ya faɗa tsohon ramin da muke ɗibar laka, hularsa kaɗai ta rage a sama. Yaya ya juyo da jirgi, ya kama shi ta wuyan riga, taubashi yana ihun a taimake shi, Yaya ya tsaya bai ja ba.

"Wa kake kira?"

"Sarkin ruwa," in ji taubashi, yana furzar da laka. "Allah ya ja zamaninka, Sarkin ruwa, fitar da ni."

Sunan da ya shekara goma yana tsokanarsa da shi ke nan, kuma daga ranar da shi gari ke gaishe da Yaya, ba wanda yake dariya.

Tafkin bai kai girbi ba ya ƙafe. Ranar da zan koma na shiga zaure yin sallama, na tarar an mayar da inji kan ƙusarsa cikin rigarsa, jan tankin yana ƙasa. Na duba murfin. Sabon ƙaro ne, ko bushewa bai gama ba.

"Yaya, ba mun yi magana ba?"

"Mun yi," ya ce. "In ruwa ya dawo sai in buɗe masa. Yanzu ba tafiya yake ba, me zai yi da numfashi?"