Fentin da Ya Kusa Raba Gidanmu

Ko da zan tsufa har in manta sunayen ƙawayena na lakwal, wato makarantar boko, ba na jin zan manta abin da fentin katangar gidanmu ya ja mini a shekarar da Babanmu ya tafi aikin Hajji.

A lokacin ban daɗe da fara koyarwa a wani ƙauye ta wajen Dawce ba, ina ta tara ɗan albashina don in sayi moto, wato babur, in huta da jiran motar kasuwa. To, a garinmu Matamaye in mutum zai dawo daga Makka akan gyara masa fuskar gida. Ni kuwa da son kyau, sai na ce wannan aikin nawa ne. Na yi kwanaki ina hango katangar a zuciyata, shuɗiya mai haske, kamar sama bayan an ɗauke ruwa.

Gidanmu na gado ne. Katanga ɗaya ce doguwa ta bi titi. Sashenmu ya tashi daga zaure zuwa indararo, daga nan kuma na Baffa ne, ƙanin Babanmu, har bakin lungu. Na kira mai fenti, wani dattijo mai yawan murmushi. Da ƙafa yake awo, kowane taki da kuɗinsa. Yana kaiwa indararo na ce ya tsaya.

"A nan, Malama?"

"A nan namu ya ƙare."

Ya dube ni, ya dubi sauran katangar, ya ce, "To, kuɗinki ne."

Kwana biyu ya gama. Kai, ta yi kyau. Na tsallaka titi ina kallo har idona ya ciko. Ban ko kula da layin da ya miƙe sambal a gindin indararo ba, nan shuɗi, can jar ƙasa.

A ranar, tuwon da Inna ta aika sashen Baffa ya dawo ba a ko buɗe kwanon ba. Washegari Baffa ya wuce zaurenmu ba sallama. Kwana na uku sai ga Gwaggo, yayarsu, ta taso tun daga Yauri, ko mayafi ba ta cire ba ta fara.

"Ke 'yar boko, ubanki yana gaban Ka'aba, ke kina nan kina raba masa gado da buroshi?"

"Gwaggo, fenti ne fa kawai."

"Fenti ne kawai? Dillali ya je ya sami Baffanki a kasuwa yana tambaya ko sashensa na sayarwa ne, tunda an ja iyaka. A gaban mutane. Shekara nawa shi da ubanki suna ci a kwano ɗaya, sai ke da kika yi karatu."

Sai na nufi sashen Baffa. Da na je na durƙusa ina ba shi haƙuri, cewa ya yi, "Ai ba komai, 'yata. Kowa ya san iyakarsa yanzu." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Saura kwana tara Babanmu ya sauka, kuma na san in ya tarar da ƙaninsa yana fushi da shi a kan abin da bai sani ba, daɗin dawowar ya tafi.

Na koma wurin mai fenti. Murmushin nan nasa yana nan, farashin ne ya canza. Wai katangar Baffa ta ƙasa ce zalla, shan fenti take kamar rairayi, sai an yi mata shafen siminti tukuna. Na biya magini, na biya siminti, na biya mai kura da ya kawo ruwa. Sannan aka ce irin shuɗin nan ya ƙare a gari, sai an tsallaka iyakar ƙasa ta Ɗan Barto. Na biya kuɗin mota, har da na abincin hanya.

Da aka shafa ya bushe, sai ga shi ya fi namu duhu. Layin yana nan daram, sai ma ya ƙara fitowa. Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Yanzu kuma an ba shi baƙin, ku kun ɗauki farin." Na shiga ɗaki na kifa kaina a kan littattafaina, ban san ko kuka zan yi ko dariya ba. Kuɗin moto dai ya riga ya bi bango.

Abin da ya rage a hannuna bai isa sabon fenti ba. Mai fenti ya ce in bar masa. Ya tattara ragowar gwangwanaye, ya zuba farar ƙasa, ya ƙara wani fenti ruwan ɗorawa da ya rage masa daga wani aiki, ya dama a rabin tano, wato ganga. Abin da ya fito ba shi da suna. Ya fi kama da ruwan da aka wanke ganyen kabeji. Da shi aka bi katangar tun daga zaure har bakin lungu, ni ina tsaye ina kallo kamar ana binne mini wani abu.

Ranar da Babanmu ya sauka, gida ya cika. Ya fito daga mota, ya bi katangar da kallo daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya kama hannun Baffa ya ce, "Masha Allah. Wa ya yi wannan aiki?"

Baffa ya gyara hularsa. "Ai Yaya, cewa na yi ba za ka dawo ka tarar da gida haka ba."

Na buɗe baki, Inna ta taka mini ƙafa. Suka shige zaure hannu cikin hannu, suna dariya.

Na ƙara shekara guda ina jiran motar kasuwa, kullum in fita in wuce wannan launi da na tsana. Amma na koyi abin da ba a koya mini a lakwal ba. A gidan gado, kafin ka je wurin mai fenti tambayar farashi, fara shiga ka gaida duk wanda ke kwana a bayan katangar, ka ji ta bakinsa. In ka tsallake su, sai ka biya sau uku, kuma wani ne zai karɓi godiyar.