Zanen da Ke Fuskar Kaka

A ƙauyen Giwa Tazo na girma, shekarun da Nasara ba su daɗe da zuwa ba, lokacin da in an ce ga farin mutum bisa doki mata kan kwashi yara su shige cikin gero. In an kai amfanin gona rumbu, sanyi ya fara sauka, ɗakin Kaka, uwar babana, shi ne matattararmu da zarar mun ci tuwo. Takan hura wutar kara, ta zauna da mazarinta tana kaɗi, ni da Mairo, ɗiyar baffana, muna tura gujiya cikin toka muna gardamar ta wa ta fara gasuwa.

Tun ina ƙarama ina kallon fuskar Kaka. Danginta na Karaye da ke zuwa gaishe ta duk zanensu gajere ne, uku uku a kumatu. Nata kuwa dogaye ne, masu yawa, tun daga gefen ido har haɓa. In hasken wuta ya taɓa su sai su yi zurfi kamar kunyoyin gona. Ban taɓa tambaya ba.

Tatsuniyoyinta na kura da dodo ne, mu ji tsoro mu yi dariya. Amma akwai wata da takan yi sau ɗaya a shekara, ba dodo a cikinta, kuma ita ce ba ma so. Takan buɗe ta da cewa, "Ga wata nan tahe, ku matsa mata wuri." Mu ce mun matsa.

Wai wata mata ce ta haifi ɗiya bayan ta binne uku. Ranar suna wanzami ya zo da askarsa, uwar ta dubi kumatun jaririyar ta kasa yarda a tsaga su. Ta roƙe shi ya bari sai bayan damina. Damina ta wuce ta ce sai an yaye. Haka yarinya ta kai shekara huɗu da fuska fes, kamar bayan sabuwar ƙwarya. Wata rana uwar tana roron wake, ta zaunar da ita gindin kalgo a bakin gona. Mahara suka biyo ta wurin. Ko kuka uwar ba ta ji ba, sai sawun dawakai ta tarar.

A kasuwar Jega aka sayar da yarinyar ga wani mai marina. Da ya ga fuska ba komai, kwana bai yi uku ba ya kira wanzami aka tsaga mata zanen gidansa.

Uwar kuwa ta ɗauki tallan daddawa don ta sami dalilin shiga kasuwanni. Shekara biyu tana bi, tana duban 'ya'yan mutane. Ran nan a Jega ta hango wata yarinya ta baya, ɗauke da itace, ta gane ta da tafiyarta kawai. Ta riƙe ta, mutane suka taru, har gaban alƙali. Alƙali ya sa aka juya fuskar yarinya wajen haske, ya dubi ta uwar, ya dubi ta mai marina. Ya tambayi yarinya ɗiyar wa ce, daga wane gari. Yarinya ta kasa cewa komai sai kuka.

A nan Kaka kan tsai da mazari ta yi muryar alƙali: "Mata, huskarki daban, ta yarinya daban. Mi za ni yi miki?" Sannan ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Kun jiya? Gaban alƙali huska ka magana, ba kukan uwa ba."

Wata shekara Mairo ta tambaya ko uwar ta sake dawowa. Kaka ta ce kowace kasuwa sai ta zo, ta tsaya nesa bayan masu tukwane, tana kallo, da baƙin zane mai faci a kafaɗa. Mairo ta ce yaya aka yi ta san har da faci.

"Ke, sarkin tambaya, ci gujiyarki tun ba ta ƙone ba."

Zarenta ya tsinke a lokacin, abin da ban taɓa gani ba. Maimakon ta ƙulla, sai ta kai yatsu tana bin dogayen layukan kumatunta. Na shafa nawa kumatun don in tabbata zanena yana nan. Sai da na girma Inna ta gaya mini sauran: yarinyar Kaka ce, mai marina ya 'yanta ta yana gab da mutuwa, kakanmu ya aure ta, da ta isa Karaye neman uwarta kabari aka nuna mata. Malamai suna da littattafan da ke ba da labarin sarakuna da yaƙoƙinsu. Nata labarin a cikin tatsuniya ta ɓoye shi, mu ne kaɗai muka ji.

An kai ni aure Aliero. Haihuwar fari na koma gida kamar yadda ake yi, na sami namiji. Ranar suna Kaka da kanta ta riƙe shi wa wanzami, tana cewa ya zurfafa hannu kada zanen ya ɓace. Na ga askar, na ga tsumman da yake goge ta da shi, baƙi ƙirin da jinin wasu 'ya'yan. Ɗan fari ne, kunya ba ta bar ni in buɗe baki ba. Kumatunsa suka kumbura. Bayan kwanaki bakinsa ya ƙage, ya kasa kama nono, jikinsa yana sandarewa a hannuna. Aka ce kwanansa ne ya ƙare. Ko kukan kirki ban samu na yi ba. Kaka ba ta sake yin wannan tatsuniyar ba har ta rasu.

Da na haifi Kulu a ɗakina, tun kwana na uku na daina cin abinci. Daren suna na durƙusa gaban maigidana na roƙe shi a aske mata kai kawai. Ya ce ai Nasara sun hana cinikin bayi, a bar ta. Surukata ta fito tsakar gida tana faɗa, ta ce ba a taɓa yin ɗiya mai fuskar bare a gidan nan ba. Da ta gaji ta leƙo ɗakina, ta rage murya.

"Ran da aka ɗauke ta, ki gaya min da mi za ki shaida taki ce."

Gari ya waye. Wanzami ya aske kai ya tafi.

Yanzu Kulu ta shiga shekara ta uku. Kowa na cewa zaman lafiya ya zo, amma bara mata masu kai albasa Jega sun dawo da labarin yaron da ya ɓace ranar kasuwa, an ce an ga an sa shi cikin kwalekwale. Tun daga nan ko ƙofar gida ba ta zuwa sai a bayana, ƙafafunta har suna dukan cinyoyina. Maƙwabta suna yi mini dariya, wai zan goya ta har ɗakin miji.

Na san abin da Kaka take so mu ɗauka: kada tausayi ya sa uwa ta yi sakaci. Ita tausayi ya raba ta da uwarta. Ni rashin magana ya raba ni da ɗana. Nakan zauna ina auna su biyun, ban san wanne ne zai zo ya same ni ba.

Abin da na iya shi nake yi. Kullum da yamma in na ɗora tukunya, nakan zaunar da Kulu a gabana in tambaye ta sunanta, ɗiyar wa ce, daga wane gari. Sunan ubanta, wanda bai kamata ya fito daga bakina ba, a kunne nake raɗa mata shi, ina duban ƙofa. Ta iya nata. Ta iya nasa. Sunan garin ne har yau bai zauna a bakinta ba, kuma jibi kasuwa ce.