Albasar da ta kwanta

Wata safiyar Asabar ce a farkon rani, shekarar da ta gabaci shigata firamare, lokacin Augie da Argungu duk suna cikin jihar Sakkwato. Ruwa ya janye daga fadama, manyan gidanmu sun fita dashen albasa tun da sassafe, aka bar mu ƙanana wurin Goggo Kulu, ƙanwar mahaifina, wadda ciwon ƙafa ya hana ta zuwa gona. Mun iske ta zaune bayan rijiya da ragowar irin albasa a kan cinyarta, ta zana wa kowannenmu ɗan fangali da tsinke, faɗinsa bai kai tabarmar salla ba. Sauran yara suna ta tsalle. Ni kuwa na ɓoye hannuwana a bayana.

Ina da dalili. Da damina an ba ni ɗan tsako, na yi ta riƙonsa don so har ya mutu a tafina. Daga nan Sahabi, ɗan baffana da ya ɗan girme ni, ya sa ni gaba: "Hajo, hannunki zahi garai, komi kinka taɓa sai shi mutu." Shi wasa yake yi, ni na ɗauka da gaske, don tun ina ƙarama ban iya barin magana ta wuce ba. Na daina taɓa 'yan awaki. Abin da ya fi ciwo, Inna ta haifa mini ƙane, Bello, kowace yarinya a gidan ta ɗauke shi ban da ni. In aka miƙo mini shi sai in ce zan je ɗibar ruwa. Ban gaya wa kowa ba, amma ina jin Goggo ta lura, don a ranar ni ta kira ta ɗora wa damin irin, ta ce in raba wa kowa nasa.

A bayan rijiyar nan muka yi karatunmu na fari, kafin allo da alli. Goggo ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta sa muka riƙa huda ƙasa da ɗan yatsa muna ƙirgawa da ƙarfi, wanda ya tsallake lamba ya koma farko ana yi masa dariya. Tsakanin rami da rami taƙin hannunmu ne. Ta koya mana bambanta albasa da ciyawa ta hanyar murzawa mu sansana, ta nuna mana jan yakuwa da koren alayyafo a jikin danga, ta ba kowa ɗan ƙoƙo ta ce a zuba ruwa a hankali kamar ana shayar da jinjiri. Da ta sa wuƙa ta datse kawunan irin kafin mu dasa, sai na kau da kai. Na dasa nawa ina bismilla a kan kowane rami, na sake bi ina dubawa ko na danne wani da yawa.

Washegari na riga kowa zuwa. Albasar duk ta kwanta, ta yi laushi kamar zaren da aka jiƙa, ba tawa kaɗai ba, har ta sauran, kuma ni na raba musu da hannuna. Sahabi ya zo ya leƙa ya ce, "Ai na gaya maku." Na tsuguna ina kuka ina goge tafina a ƙasa. Goggo ta jawo ƙafarta ta zauna kusa da ni, ba ta rarrashe ni ba. Ta ce, "Ɗiyata, albasa baƙunta taka yi. Ke in anka kai ki gidan da ba ki sani ba, tsaye kike kwana? Bar kallon ganyen waje, tsakiya za ki duba."

Na yi ta duban tsakiya kuwa. Kafin shara, bayan wanke kwanoni, har in ana wasan 'yar gala-gala sai in sulale in je in kwanta rub da ciki ina leƙe. Ganyen waje ya bushe ya koma ruwan ƙasa, na ƙara tsorata, na so in ƙara ruwa Goggo ta hana ni. Sai wata safiya na ga wani abu kore, siriri kamar allura, ya leƙo daga tsakiyar guda ɗaya. Na duba na kusa, shi ma haka. Ban yarda da idona ba sai da na jawo Goggo. Ta ƙwala wa Sahabi kira ta ce, "Kai mai bakin tsiya, zo ka ƙirga muna matattun." Ya bi fangali fangali yana sosa ƙeya, bai samu matacciya ko guda ba. Ana cikin dariya Inna ta fito da Bello za ta yi masa wanka, Goggo ta karɓe shi, ba ta tambaye ni ba ta ɗora mini shi a cinya. Na sandare. Ya kama ɗan yatsana mai ƙasa ya riƙe gam, ya yi hamma, bai fasa numfashi ba.

Yanzu ina Birnin Kebbi, gidanmu siminti ne har bakin ƙofa, jikokina kuma a makarantar reno suke ganin albasa a jikin hoto. Na nemi tsofaffin bokitai na cika da ƙasa, in sun dawo mu huda mu ƙirga. Bello, wanda yau shi ma da furfurarsa, shi ke aiko mana da iri daga Augie. Goggo Kulu ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, rijiyar ma an cike ta. Halina bai sake ba, har gobe in an yi dashe sai na fito da sassafe gabana yana faɗuwa. Sai dai yanzu na san inda zan duba.